Wa Ke Goge Sunana A Katin Biki?

Shekarun baya, lokacin da za a aurar da babbar ɗiyata, wani abu ya faru da ni wanda har yau in na tuna sai kunya ta kama ni, ko da ni kaɗai ce a ɗaki. Kwanan nan na ga ana ta maganar yadda ake shiga kwamfutar mutum daga wani gari, shi ne na ce bari in ba ku nawa labarin. Ni ba gwanar rubutu ba ce, sai da na girma na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka in kun ga tuntuɓe ku ɗauke kai.

Yarinyar nan 'yar fari ce. Wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Ban taɓa kiran sunanta ba, ko sau ɗaya. "Wannan yarinyar" nake cewa, ko "ta gidan Yaya". Ana yaye ta, yayar maigidana ta zo daga Sabuwa ta goya ta ta tafi da ita. Ina bakin randa ina yi kamar ɗiban ruwa nake, ko zaure ban raka su ba. Haka aka yi wa mahaifiyata, haka aka yi wa tata mahaifiyar, ba wanda ya ga abin magana. Can Sabuwa ta girma, can ta yi karatu, har ta zama ma'aikaciyar jinya a Katsina. Yayar ce take kira Mama. Ni kuwa Innar Faskari.

Lokacin da maganar aurenta ta tashi, damina biyu ke nan da rasuwar mahaifinta. A Sabuwa za a yi biki, wannan ba gardama. Sai batun katin mata, na kamu da wuni, wanda ake rubuta iyayen amarya a ƙasa. Ɗiyata ta biyu, malamar firamare ce nan Faskari, ita ke da kwamfuta kuma ita ta iya tsara irin wannan. Mai buga katin yana Kankara, amarya tana Katsina, Yaya tana Sabuwa, hanya kuma a lokacin ba ta biyuwa yadda mutum ya ga dama, kowa ya sani. Kowa kuma yana da abin da yake so a sa a katin. Aka yi ta aika hoto a waya, wannan ya ce a gyara nan, wancan ya ce a gyara can, har mai buga katin ya gaji. Ya ce da malama ta sa wata manhaja a kwamfutarta, ta ba kowa lambar sirri. In kwamfutar tana kunne kuma da sabis, duk wanda ke da lambar zai shigo daga inda yake, ya ga katin kamar yana zaune gabansa, ya gyara da hannunsa.

Da ta yi mani bayani na ce, "To ke kin ba mutum uku makullin ɗakinki ke nan?"

Ta ce, "Inna, ai duk 'yan gida ne."

Ranar farko da aka gwada, bayan la'asar ne. Ta haɗa kowa a waya ɗaya ta buɗe murya, kowa kuma ya shigo kwamfutar. Yaya ba ta taɓa kwamfuta, ɗiyar cikinta ce ke riƙe mata a can, ita sai dai ta ba da umarni. Ni ina gefe kan tabarma ina tsintar wake, ban ko sa gilashina ba, don kar a ce na damu. Ana cikin gardamar kalar fure sai na ji malama ta ce, "To ga iyayen amarya. Na sa Inna a sama, na sa Gwaggo a ƙasa."

Kafin in yi tunani bakina ya riga ni. Na ce, "Ke, wa ya aike ki? Cire sunana maza. Ni me ya haɗa ni da wannan yarinyar?"

Yaya ta kwashe da dariya daga Sabuwa, ta ce, "Ji ta, ji ta! Har yau kunyar ba ta saki ba." Mai buga kati ma ya yi 'yar dariyarsa. Malama ta ce ba za ta cire ba, aka wuce zuwa wata magana.

Ga gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba a lokacin. Da aka watse, malama ta shiga kewaye, sai na lallaɓa na sa gilashi na leƙa. Ga sunana nan da ruwan zinare, a ƙarƙashin "Uwar Amarya". Na karanta shi harafi-harafi kamar ba ni na san shi ba. Shekara ashirin da shida ba a taɓa haɗa sunana da nata a waje ɗaya ba. Na ji motsinta tana dawowa, na koma kan wakena da sauri kamar marar gaskiya.

Tun da kowa da lokacinsa, sai aka tsara cewa in malama za ta tafi makaranta da safe za ta bar kwamfutar a buɗe kan akwati, a jone da sola, duk wanda ya samu sarari ya shigo ya yi nasa gyaran. Aikina kawai in hana kaji shiga ɗakin.

Washegari da hantsi ina shara sai na ga 'yar kibiyar nan da ke kan allon tana tafiya ita kaɗai, ba hannun kowa. Ko da yake an gaya mani, sai da na ja da baya na yi a'uziyya, tsintsiya a hannu kamar zan kare kaina. Da zuciyata ta kwanta na matso. Na lura ashe kibiyar tana jan wani ɗan rubutu a gindinta duk inda ta nufa. Na sa gilashi na karanta: KANKARA. Ta je ta sauya furen daga ja zuwa ruwan hoda, ta ɓace. Na ce af, ashe abin yana faɗin garin da mutum ya shigo. Na ji daɗin kaina ƙwarai, na gano wannan ba wanda ya koya mani.

Kwana biyu bayan nan ina zaune bakin ƙofar ɗakin ina ɓarar gyaɗa, kibiya ta sake motsi. Wannan karon ba ta je wajen fure ba. Ta gangaro ƙasa kai tsaye, kamar wadda ta san inda za ta, ta tsaya ƙarshen sunana. Ta daɗe a tsaye. Sannan haruffan suka fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya daga baya, har ba saura. Ta ɗauko sunan Yaya ta hau da shi inda nawa yake. Na karanta rubutun da ke gindinta sau uku, don kar in zalunci kowa.

SABUWA.

Ban san lokacin da gyaɗar ta zube daga zanena ba. Kajin da aka ce in hana shiga suka shigo suka yi ta ci, ina kallonsu.

Bayan azahar, kafin malama ta dawo, kibiya ta sake shigowa. Wannan tafiyarta daban, a hankali, tana kuskure tana gyarawa. Ta sauko da sunan Yaya, ta rubuta nawa a sama kamar yadda yake. A gindinta an rubuta TSOHUWA.

Na zauna ina lissafi. Ba garin da ake kira Tsohuwa a duk ƙasar nan. Mutum uku aka ba lamba. Na Kankara na san shi, na Sabuwa na gan su da idona, saura amarya ke nan. Kuma ai haka yaran yanzu ke cewa, "zan je in gaida tsohuwa", suna nufin uwarsu. Wato yarinyar nan, da ba ta taɓa ce mani Inna kai tsaye ba, ta sa wa kanta wannan suna saboda ni, ta saci lokaci a wajen aikinta ta shigo ta maido ni. Na share ido da bakin zane. Da malama ta dawo ta tarar da kati yadda ta bar shi, ba ta san an yi yaƙi a kansa ba. Ni kuma ban faɗa ba. In na faɗa, ai an gane na damu.

Ranar Asabar, malama ta tafi taron malamai, aka sake. Sabuwa ta goge da hantsi, Tsohuwa ta maido bayan azahar.

Daga nan fa zuciyata ta buɗe kasuwa. Duk abin da Yaya ta taɓa yi mani tun ina amarya na ɗauko shi na sake dubawa. Ranar da yarinyar ta gama makarantar jinya, sai da aka yi walima aka gama sannan aka aiko mani da hoto. A lokacin an ce hanya ce, yanzu na ce ashe. Da aka kawo lefe, ta kira ni ta ce, "Ki huta abinki, mun tsaya maki a kan komai." A lokacin na yi godiya har da addu'a, yanzu na ji maganar tana da ƙaya. Har dariyar da ta yi ranar farko na dawo da ita kunnena, na ce wannan ba dariyar wasa ba ce, ta jin daɗi ce. Ta kira ni ranar Lahadi muka gaisa lafiya lau, tana tambayar ciwon gwiwata, ni kuwa ina auna kowace kalma kamar mai tankaɗe. Da ta ce, "Kin dai ga katin ko? Ya yi kyau?" sai na ce a raina, ji mata, har gwada ni take.

Mutum ɗaya na gaya wa, aminiyata da muka yi aji ɗaya, mai sayar da daddawa ranar kasuwar Yankara. Ta shigo karɓar turmi, na ja ta ɗaki na nuna mata kwamfutar da yatsa, na ba ta labari da murya ƙasa-ƙasa kamar abin yana jinmu.

Ta riƙe haɓa. "Kin karanta da kyau? Ke da a aji kike rikita B da D?"

Na ce, "Sau uku na karanta. Sa, bu, wa."

"To ai shi ke nan. Dangin miji ke nan, ƙawata. Mai gida ya tafi, sai a fara rage ki kamar tsohon zane. Yau kati, gobe in an haihu sai dai ki ji a bakin makwabta."

"Ita fa ta raine ta."

"Ta raine ta, ita ta yi naƙudar? Ke haƙurinki ya yi yawa, har ya fara wari. Ni da ni ce, da tuni na hau mota."

"Ki hau mota ki bar daddawa ga wa?"

Ta yi dariya ta ɗauki turmi. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Ki dai yi magana kafin a buga. In tawada ta bushe, sai dai ki yi kuka a bayan ɗaki."

Ranar Laraba Sabuwa ta goge karo na uku. Na zauna jiran Tsohuwa har la'asar, ba ta zo ba. Malama ta dawo a gajiye, ta rufe kwamfutar ba ta ko duba ba. Ta ce gobe Alhamis da hantsi kowa zai shigo a yi duban ƙarshe, don mai buga kati ya ce in azahar ta yi zai ɗora a inji, ba sauran gyara.

Na wuni ina shirya maganar da zan yi. Ni ba mai faɗa ba ce, tun ina yarinya ba a taɓa jin muryata a waje ba. Na shirya ta da laushi, na cire duk abin da zai yi zafi, na bar abin da ba yadda zan yi da shi.

Alhamis malama ta nemi izini a makaranta. Ta buɗe kwamfuta, ta haɗa waya, aka gaggaisa. Tana kai ido ƙasan katin ta ce, "A'a, ina sunan Inna?"

Na matso kusa da wayar, wannan karon da gilashina a ido.

Na ce, "Yaya, ina kwana. Ina da 'yar magana, ki yi haƙuri da ni."

"Lahiya dai ko?"

"Lafiya. Yarinyar nan taki ce, ban taɓa cewa ba taki ba ce. Ke kika yi goyo, ke kika yi jinya, ke kika kai makaranta. In sunana ne ya tsaya maki a rai, da kin kira ni mu biyu kin faɗa mani, wallahi da hannuna zan sa a cire. Amma a riƙa shigowa ana gogewa ina zaune ina kallo, har sau uku, wannan ya yi mani ciwo."

Malama ta dafa mani gwiwa tana cewa "Inna, Inna," ban kula ta ba.

Yaya ta ce, "Tsaya. Mi kike hwaɗi? Ni ce ke goge sunanki?"

"Na gani da idona, Yaya. Na iya karatu yanzu. An rubuta Sabuwa."

Sai na ji ɗiyar Yaya daga can gefe ta ce, "Sabuwa kuma? Ai mu Tsohuwa ce."

Yaya ta ce, "Wa kike kira tsohuwa, don gidanku?"

"Ba ke ba, Mama, kwamfutar! Sunan kwamfutar ke nan. Innar Faskari, duba ki gani, bari in motsa."

Kibiya ta yi 'yar rawa a tsakiyar katin. A gindinta, TSOHUWA.

Na ji kamar an zare mani tabarma daga ƙasa. Mai buga kati ya yi tari ya ce shi bari ya ɗan duba inji, amma bai fita ba, ina jin numfashinsa.

Ɗiyar Yaya ta ci gaba da bayani da sauri, irin na mai son kashe wuta. Ta ce kwamfutar da ke hannunsu ta amarya ce ta da. Da ta sayi wata, sai ta sa manhajar nan a duka biyun don ta kwashe takardunta daga wannan zuwa waccan, ta sa wa ɗaya Tsohuwa, ta sa wa ɗaya Sabuwa, don kar ta rikice. Da ta gama sai ta bar masu tsohuwar. Ba wanda ya tuna ya sauya sunan.

Ba a gama rufe baki ba, wata murya da tun gaisuwa ba ta sake magana ba ta ce, "Ni ce Sabuwa."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba. Muryarta irin tawa ce, mutane sun sha gaya mani, ni ce ban taɓa yarda in saurara ba.

Yaya ta ce, "Ke? Ashe ke ce? Ni ina nan ina zagin bawan Allah na Kankara, na ce shi ke wasa da aikin mutane! Sau biyu ina tsaye kan wannan ɗiya sai ta maido shi. Jiya ma sabis ne ya ɗauke mana tun sahe."

Mai buga kati ya ce, "Hajiya, ni fure kawai na taɓa."

Ba wanda ya yi dariya. Yaya ta dawo kaina, muryarta ta sauka, wanda ya fi mani zafi a kan ta ɗaga. Ta ce, "Shekara nawa muna tare? Ranar da na ɗauki ɗiyar nan, ke kika ba ni zanen goyon da hannunki. Ashe abin da kika aje mani a ciki ke nan."

Na ce, "Yaya, ki yafe mani." Shi kaɗai na iya faɗa.

Ta wuce ni ta koma kan yarinyar. Ta ce, "Ke kuma amarya, hwaɗa mana dalili."

Yarinyar ta ce, "Ita ta ce a cire, Mama. Kowa ya ji. Ta ce me ya haɗa ta da ni."

"Wannan ai kunya ce, ke ma kin sani. Haka ake cewa."

"Na san haka ake cewa. Tun ina ƙarama nake jin haka ake cewa. Ni dai ban san ranar da ake faɗin ɗaya maganar ba. Ba na so a raba kati gari uku da abin da ba ta so. Innar Faskari, in kina so a bari, ki faɗa. In ba kya so, a bar shi yadda yake yanzu. Ni duk ɗaya ne."

Duk wanda ya ce maka duk ɗaya ne da irin wannan murya, ba ɗaya ba ne.

Na buɗe baki. 'Yan uwa, kalma biyu ce fa, "a bari". Ga Yaya tana ji, ga ɗiyarta, ga namiji baƙo a Kankara, ga ƙanwarta a gefena. Abin da aka shekara ashirin da shida ana ɗaurewa ba ya kwancewa don an ce azahar ta kusa. Malama ta ga halin da nake ciki, ta miƙa hannu za ta rubuta.

Yaya, kamar tana ganinta, ta ce, "Kar wanda ya taɓa. Kowa ya ɗauke hannunshi. Ita ta iya karatu, in ji ta. To ga wuri nan."

Wannan ita ce ramuwarta, kuma na cancanta.

Na jawo kwamfutar gabana. Ban taɓa danna ta ba sai ranar. Malama ta nuna mani inda zan fara, ta janye. Haruffan ba a jere suke yadda aka koya mana ba, an warwatsa su kamar an zubar da tsaba, sai na bi da yatsa ɗaya ina nema. In na samu ɗaya na danna, sai ya fito a Faskari, ya fito a Kankara, ya fito a Sabuwa, ya fito a Katsina, kowa yana kallo. Zakaran makwabta ya yi cara ya gaji. Ban san minti nawa na ɗauka ba, na dai san zufa ta jiƙa mani ɗankwali. Na rubuta sunana da na mahaifina a ƙarƙashin "Uwar Amarya", na ɗauke hannu.

Sai kibiya ta motsa. SABUWA. Ta gangaro a hankali ta tsaya kan sunan, daidai yadda ta saba. Harafi ɗaya ya ɓace a tsakiya, wani ya maye gurbinsa. Ashe D na sa inda ya kamata in sa B. Ta gyara shi, ta ƙara wa rubutun girma kaɗan, ta koma gefe ta tsaya.

Mai buga kati ya ce, "To, Hajiyoyi, in buga?"

Yaya ta ce, "Buga." Ta kashe wayarta ba sallama.

Sai da na je Sabuwa kwana huɗu kafin biki, na shiga ɗakinta na durƙusa, sannan ta sake mani fuska. Ko a nan sai da ta bar ni a durƙushe ta gama taunar goronta. Ta ce da na kira ta tun ranar farko na tambaya, da mu biyu muka kama ɓarawon. Har yanzu in na kira ta takan ce, "Wa ke magana, sabuwa ko tsohuwa?" In yi dariya, amma na san ba duka ne wasa ba. Akwai abin da na fasa a ranar nan wanda aka ɗinke, ɗinkin kuma yana nan ana gani. Aminiyata kuwa da na ba ta labari cewa ta yi, "Ai dama na gaya maki ki karanta da kyau."

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. Na karanta kalmar daidai, harafi shida, ban yi kuskure ko ɗaya ba. Inda na ɓata shi ne na riga na san wanda nake so in kama tun kafin in sa gilashi. Mako guda ina zaune gaban allo ina gadin sunana, ina tsine wa hannun da ke maido ni a zuciya, ina sa wa mai goge ni albarka. Kira ɗaya zai raba gardama, amma kiran zai nuna na damu, ni kuma na gwammace in zargi baiwar Allah da in bari a gane ina son ɗiyata.

Yanzu tana da ɗiya, ita ma 'yar fari. Ba ta ba kowa riƙo ba, ni da Yaya duk mun yi zuru. Tana kiran sunanta da ƙarfi tun daga ƙofar gida, ta ɗaga ta sama ta sumbace ta gaban kowa, wani lokaci in ta yi sai ta ɗan kalle ni. Muna waya duk Juma'a, muna hira sosai, ta fi duk 'ya'yana kula da maganin gwiwata.

Abu ɗaya ne dai ban daina juyawa ba. Ta ce ta goge ne don na ce a cire. Na yarda, sau ɗaya biyayya ce. Amma ta dawo ta ga an maido, ta sake gogewa, ta sake dawowa ta sake. Kuma kowane karo sai kibiyar ta daɗe tsaye a ƙarshen sunan kafin ta fara. Ta san kwamfutar a ɗakina take. Ta san ƙanwarta tana makaranta da hantsi, ta san wa ke gida. Wani lokaci ina ganin kunyata take tayawa. Wani lokaci kuma ina ganin so take in zauna in kalla, in ji yadda abin yake.

Ban taɓa tambayarta ba. Yarinyar ba ta ƙarya, in na tambaya za ta faɗa mani gaskiya. Shi ya sa ban tambaya ba.